Kwamandan Buzuzun Bayan Ganuwa

Allah ya yi wa birnin Zariya baiwar masana, wannan ba a gardama. Amma ko a cikin taurari akwai Zara, kuma a fannin noma Zarar unguwar Limancin Kona shi ne Alhaji Zaharaddeen Bahago. In kana shakka ka tambaye shi. Mutum ne da ba ya rowar ilimi, musamman ilimin da ya shafi darajar kansa.

Alhaji ya yi rayuwar aikinsa kaf a wani ofishin aikin gona har ya yi ritaya. Mahassada suna cewa a sashen motoci ya zauna, wai aikinsa shi ne ya miƙa wa direba makulli da safe ya karɓa da yamma. Haka ne, amma matsalar mahassada ba sa zurfafa tunani. Wace mota ce ta taɓa fita gona ba da izninsa ba? Wane masani ne ya taɓa gano wani abu a daji da ƙafa ya je? An ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. To Alhaji ya zauna da maɗauka kanwa har kansa ya fi nasu fari.

Da ya bar aiki sai ya ga bai kamata ƙasa ta yi asarar wannan ilimi ba. Yana da wani filin gado a bayan ganuwa, in ka fita ta Ƙofar Gayan, wanda in an matsa za a gina gida biyu a cikinsa. Ya sa aka dasa rogo. Ya kafa allo a bakin hanya da sunansa da hotonsa, allon da sai ka kauce masa kafin ka ga gonar. Kullum da hantsi zai iso cikin farar shadda, ya tsaya a kan kunyar farko, hannuwa a baya, ya duba aiki. Bai taɓa wuce kunyar nan ta farko ba. Ya ce manajan da ya shiga cikin gona ya zama lebura, ga shi kuma takalminsa ba na shiga gona ba ne.

Leburorin kuwa ba sa daɗewa. Mutanen ƙauyukan kewaye ne masu neman aikin yini, kuma duk wanda ya yi wa Alhaji aiki sau ɗaya, gobe in ya hango farar shadda sai ya sake hanya. Kafin a sari ƙasa sai an tsaya an saurari lacca a kan yadda Turawa ke noma a ƙasashensu, har rana ta take tsaka. Saboda haka ciyawa ta samu zaman lafiya a gefunan gonar, feshi kuwa ba a taɓa yin sa ba. Tankin feshi a baya ake goya shi, Alhaji kuma ya ce bayan da ya ɗauki nauyin ma'aikata ba zai ƙare da goyon roba ba.

A shekarar da muke magana, ruwa na ɗaukewa annoba ta sauka a gonakin rogon bayan ganuwa. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne da ba a ganinsu sai an ƙura ido. Sukan maƙale a bayan ganye su tsotse shi, ganyen ya yi ɗigo-ɗigon rawaya, ya ƙanƙance, ya kaɗe, a bar sanda tsirara. Manoma suka sa musu suna ƙwarƙwatar rogo. Aka yi feshi, aka sake, ƙwarƙwata ta yi kamar maganin ƙarin jini ake ba ta. Maƙwabcin Alhaji a gona, Malam Yari, maɗinkin babbar riga ne da ya dasa rogo don an ce masa rogo ba ya son wahala. Ya ari tanki ya yi feshi sau ɗaya, ya ga abin ba na ƙare ba ne, ya bar wa Allah, ya koma zaurensa ya ci gaba da ɗinkin aska takwas. Ko'ina ya yi ja. Gona ɗaya ce ta rage kore shar, ita ce ta Alhaji.

Yadda Alhaji ya karɓi wannan ni'ima abin koyi ne. Bai yi mamaki ba ko kaɗan.

“Wannan shi ake kira manejiman,” in ji shi a majalisar ƙofar gidansa. “Ku kun ɗauka noma ƙarfin dantse ne. Noma ƙwaƙwalwa ne. Rogo da kuke gani yana gane wanda ya yi boko.”

Ana cikin haka mai unguwa ya yi sanarwa. Ƙungiyar manoman rogon bayan ganuwa ba ta da Sarkin Noma tun rasuwar tsohon, don haka a ƙarshen kaka za a zaga gonaki, wanda tasa ta fi kyau shi za a naɗa. A nan, tsakani da Allah, sai ka ɗan tausaya wa Alhaji. Ya shekara da shekaru yana buɗe wa wasu ƙofar mota, yana jin ana ce musu ranka ya daɗe. Ba abin da yake so a duniya kamar wata rana a ce masa haka, kuma a ce da gaske ake. Washegarin sanarwar ya shiga kasuwa ya sayo farin rawanin harsa. Kowace safiya yakan kulle ɗaki ya yi atisayen naɗi a gaban madubi, uwargidansa Hajiya Sadiya na riƙe masa bakin rawanin. Hajiya ta gaya wa maƙwabciyarta wannan a asirce, wato dai ta gaya wa unguwa.

Labarin gonar da ƙwarƙwata ta tsallake ya kai kunnen wata masaniyar ƙwari a jami'a, Dakta Ibtisam, wadda ke bin gonakin rogo tana bincike. Ta zo da takalmin roba da ɗan gilashi mai ƙara girman abu, ta gaida Alhaji, ta yi abin da shi bai taɓa yi ba, wato ta shige cikin gonar. Ta daɗe tana juya ganye. Da ta fito fuskarta cike da murna, ta miƙo masa ganye ɗaya da gilashin. A bayan ganyen ga wani ɗan baƙin ƙwaro kamar ƙwayar habbatus sauda, ya danne ƙwarƙwata yana ci hankali kwance.

“Alhaji, ka ga wannan ɗan baƙin? Dangin buzuzu ne,” in ji ta. “Shi da 'ya'yansa ba su da abinci sai ƙwarƙwatar nan. Feshin da maƙwabtanka suka yi ya kashe nasu, kai kuwa da ba ka yi ba sun yi yawa a nan, su ne suka tsare maka gona. Sai dai abin da ya kamata ka sani game da su shi ne...”

“Dakata, 'yata,” in ji Alhaji, ya ɗaga tafin hannu.

Alhaji yana da wata ɗabi'a ta manyan masana. Bai taɓa barin maganar wani ta kai ƙarshe ba, don ya riga ya san ƙarshen.

“Abin da kika gano yau, ni na tsara shi tun ba a haife ki ba. Kin ɗauka lalaci ne ya hana ni feshi? Folisi ne, wato tsari. Na biyu, kada ki sake kiran su buzuzu. Buzuzu mai tura kashi ne. Waɗannan dakaru ne, bataliya guda, kuma ni ne kwamandansu.”

Dakta ta dubi farar shaddar. Ta ce za ta dawo ta sake ƙirga su.

Tun daga ranar Alhaji ya zama Kwamanda. A gabansa haka ake kiran sa. A bayansa ana ƙara masa da Buzuzu, don cikar suna. Ya sayi gilashi irin na Dakta ya rataya a wuya da igiyar siliki, yana zuwa da shi masallaci, yana zuwa da shi ɗaurin aure. Tafiyarsa ta sake. Da hantsi in ya hau kunyar farko sai ya ƙame, ya sara wa ganyen rogo, ya yi musu jawabi a kan ladabi da kishin ƙasa. Su kuwa dakarun suna can ƙarƙashin ganye suna cin abincinsu, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Wanda duk ya wuce ta hanyar sai an tare shi an nuna masa soja ɗaya a gilashi, ko da kuwa gawa yake rakiya.

Da Dakta Ibtisam ta dawo, ta shiga gonar Alhaji, ta tsallaka ta Yari, ta fito tana murmushi.

“Alhamdu lillahi, Alhaji. Sun ragu ƙwarai a nan, yawancinsu sun koma gonar Malam Yari, har sabon ganye ya fara fito masa. Ka ga dalili shi ne...”

Ba ta ƙarasa ba, domin Alhaji ya riga ya juya ya nufi gari, gilashi na lilo a ƙirjinsa. Ragowar maganar da ya bari a bakinta ba ta da wuya. Buzuzun sun cinye ƙwarƙwatar gonarsa ne, abinci ya ƙare, suka bi shi inda yake. Ran da ƙwarƙwata ta dawo masa, su ma za su dawo da ƙafarsu, ko mu ce da fiffikensu. Abin da ake so da shi kawai ya ci gaba da aikin da ya fi ƙwarewa a kai, wato ya tsaya a kunyar farko kada ya taɓa komai.

Amma Alhaji ba abin da ya ji sai kalma biyu, gonar Yari. Yari! Mutumin da ko sunan rogonsa bai sani ba. Rawanin harsa ya gifta masa a ido, ya gan shi a kan wani. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin, ya zarce zauren mai unguwa ko gida bai biya ba.

Aka aika aka kira Yari, ya zo da allura soke a hularsa, zare na rataye a kafaɗa. Alhaji ya miƙe tsaye, ko da yake kowa a zaune yake.

“Allah ya ba ka nasara, ƙara na kawo. Na kafa runduna da ilimina, na yi mata tirenin, na ciyar da ita a gonata. Yau na wayi gari an yaudare ta an kai ta gonar maƙwabci, ana dab da zagayen gonaki. A aikin soja wannan sunansa sabotaj. Ina neman a dawo mini da dakaruna, ɗaya bayan ɗaya.”

Yari ya sosa ƙeya. “Ranka ya daɗe, ni wallahi ban gan su ba. Rabona da gonan nan tun ran da na mai da tankin mutane. In sun shigo, ba ni na kira su ba. In ya gane nashi ya je ya kwashe.”

Mai unguwa dattijo ne da ya gaji da shari'ar awaki, ya kuma san kanta. Ya tambayi Alhaji ko dabbobin nasa suna da wata alama, tsaga a kunne ko ɗaurin tsumma a wuya. Alhaji ya ce a'a. Ya tambaye shi ko su nawa ne. Alhaji ya ce sirrin soja ne. Dattijo ya shafa gemu, yana danne dariya.

“To Alhaji,” in ji shi, “mu dai abin da muka gada, in dabbarka ta shiga gonar wani ta ci, mai dabba ne da laifi, ba mai gona ba. Ka ba Malam Yari haƙuri. Sannan ka killace dabbarka.”

Haƙurin dai Alhaji ya ba da shi ta hanci. Amma kalmar killacewa ta shige shi, ta kwana a ransa, ta wayi gari ta zama fasaha. Soja ba ya zama sai da bariki. Me zai hana a rufe gonar ruf, sama da gefe, yadda ko soja ɗaya ba zai sake tsallakawa ba? Kuma me ya fi dacewa da tsare ƙaramin ƙwaro in ba gidan sauro ba?

Ba a daɗe da yin rabon gidan sauro a unguwa ba, sababbi fil, masu magani. Alhaji ya fara da na gidansa. Ya kwance nasa, ya kwance na Hajiya, ya kwance na ɗakin baƙi. Ya bi gidajen surukai da 'yan uwa yana karɓar aro da sunan aikin ƙasa, abin da ya rage ya cike a kasuwa. Ya kai wa wani tela a Tukur-Tukur, don ba zai kai wa abokin gaba ɗinki ba, aka haɗe su suka zama ƙaton mayafi guda. Aka kakkafa gora, aka lulluɓe gonar, aka danne ƙasan da duwatsu da ƙasa. Ta bakin hanya ya sa aka ninka da koraye, wai kore ne launin aikin gona. Kafin a ɗinke ƙofar ƙarshe ya yi wa ragowar dakarun jawabin bankwana, ya gode musu da ba su bi 'yan tawaye ba, ya yi musu alkawarin ƙarin girma. Sannan ya rantse ba za a buɗe ba sai ranar zagaye, a gaban jama'a, da zare da almakashi, yadda ya ga ana buɗe sabon gini.

Dakta Ibtisam ta buga masa waya tana son zuwa, ya ce mata ana gyara. Bai yarda ta gani ba. Ya san halin masana wajen satar fasaha, ai shi yake ba su makulli.

A gida kuwa sauro ya samu labari. Damina ba ta daɗe da wucewa ba, kwatoci cike, ga gida ba kariya. Hajiya Sadiya ta wayi gari da goshi duk kumburi, ta aje masa koko da ƙarfi har ya fantsalo.

“Alhaji, wannan wane irin abu ne? Buzuzu a gidan sauro, mu a filin Allah?”

“Ke ba ki san sadaukarwa ba,” in ji shi, yana susar wuya. “Matar Sarkin Noma ba ta ƙorafi a kan sauro.”

“In sauro ya bar ta ta kai ranan ba,” in ji Hajiya, ta fice.

Abin da ke faruwa a cikin barikin ba wanda ya gani, amma ba shi da wuyar faɗi. 'Yan dakarun da suka rage, duk wanda ya tashi ya sauka a jikin ragar, maganin sauro ya yi masa abin da aka yi shi domin ya yi. Ƙwarƙwata kuwa ba ta tashi sama balle ta taɓa raga, tana maƙale a bayan ganyenta. 'Yan ƙwayayen da suka tsira suka ƙyanƙyashe, suka duba gabas da yamma ba mai cin su, ba iska, ga ɗumi. Sun samu gidan haya kyauta har da maigadi. Suka hayayyafa ba kunya ba tsoron Allah.

Kuma kamar yadda Dakta ta so ta faɗa aka hana ta, buzuzun suka ji labarin abinci, suka juyo. Wata safiya Alhaji ya iso ya tarar da baƙaƙen ɗigo-ɗigo sun maƙale a jikin ragar ta waje suna neman hanyar shiga, wasu kuma sun zube a ƙasa kamar an ɓarar da habbatus sauda. Ya ɗora gilashi ya duba. Daɗi ya kama shi har ya yi dariya shi kaɗai. Ya tare masu wucewa.

“Ku zo ku ga ikon Allah. 'Yan tawaye ne suka dawo neman afuwa. Sun je gonar maɗinki sun ga babu tsari, babu disifilin. To sun makara. Sojan da ya gudu daga fagen fama ba ya komawa bariki. Ku dubi wasu ma baƙin ciki ya kashe su.”

Ya karyo reshen dalbejiya ya kakkaɓe su da hannunsa. Wannan shi ne aikin gona na farko da aka taɓa ganin Alhaji ya yi, kuma ya yi shi da himma, kowace safiya. In ya leƙa ta jikin raga, komai kore yake gani, tunda ragar kore ce ninki biyu. Sai ya gyaɗa kai ya sara, ya koma gida ya yi atisayen rawani.

Ranar zagaye ta zo, ranar wanka da ba a ɓoyon cibiya. Alhaji bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya sa an kafa rumfa a bakin gonarsa, an jera kujerun roba, an kawo lasifika. An ɗaura jan zare a gaban barikin. A kan tebur ga almakashi, ga kuma wani faranti an rufe shi da farin ƙyalle, wanda kowa ya yi kamar bai san abin da ke ciki ba. Shi kansa ya sha babbar riga mai aiki har gwiwa, gilashi a wuya, fuska duk tabon sauro. Hajiya da matan dangi suna can baya da kulolin abinci, idonsu a kan ragar, kowace tana neman tata.

Mai unguwa da dattawan ƙungiya da Dakta Ibtisam suka fara da sauran gonaki, suka yi ta jajantawa. Da suka zo ta Yari suka tsaya. Rogo ya murmure ya yi sabon ganye, faffaɗa, kore shar, ciyawa har gwiwa a tsakanin kunya. Mai gonar ma sai da aka nemo shi, yana ƙarƙashin mangwaro yana ƙarasa wuyan wata riga. Aka ce masa madalla, ya ce shi ma yau ya gani.

Alhaji ya kalli wannan duka da murmushin wanda ya san ƙarshen labari. Da aka zauna a rumfarsa ya karɓi makirfo ya hura.

“Allah ya ba mai unguwa nasara, dattawa, malamar jami'a, 'yan uwa manoma da masu koyon noma. Abin da kuka gani a gonar maƙwabcina aikin 'yan gudun hijira ne, ragowar teburina. Yanzu za ku ga aikin runduna mai horo a ƙarƙashin kwamanda. Wannan fasaha babu ita a jami'a, babu ita a ƙasar waje. Na sha cizo dominta, iyalina sun sha. Ba don rawani na yi ba, Allah ya sani, rawani nauyi ne. Amma in al'umma ta matsa, wane ni in ƙi?”

Ya yanka zare. Majiya ƙarfi suka kama ragar ta ko'ina suka ja, ta zame ta faɗi gefe guda.

Lasifikar ce kaɗai ta ci gaba da ƙara. Abin da ya bayyana ba gona ba ce, sanduna ne a jere, kowace da ɗan tsiron ganye a ka, rawaya, a murɗe, an lulluɓe shi da siririyar saƙa. Busasshen ganye ya rufe ƙasa. Wani dattijo ya ce inna lillahi a hankali. Can baya kuwa mata ba su jira an rufe taro da addu'a ba, tuni sun dira a kan ragar suna warware ɗinki.

Dakta Ibtisam ta durƙusa inda gindin ragar yake, ta dumtso baƙaƙen ƙwayoyin da ke zube, ta dube su a tafin hannunta. Ranta ya ɓaci sosai, don ita tana son halittun nan da gaske.

“Alhaji, gidan sauron nan mai magani ne?”

“Mai magani mana,” in ji shi, amma muryar ba ta lasifika ba ce.

“To abin da nake ta so in gaya maka ke nan. Ba a tsare su, ba a kiwon su. Inda ƙwarƙwata take nan suke zuwa, in ta ƙare su wuce, in ta dawo su dawo. Na cikin maganin ya kashe su, na wajen ka hana su shiga. Da ka ƙyale gonar yadda take, da yau ba ta da na biyu.”

A ranar ce, karo na farko a tarihin unguwa, maganar wani ta kai ƙarshe a gaban Alhaji Zaharaddeen Bahago. Garin neman gira an rasa ido, kuma idon da aka rasa da hannunsa ya kakkaɓe shi da reshen dalbejiya.

Amma kada ka raina Kwamanda. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ya gyara riga ya ɗaga makirfo.

“Madalla, 'yata, kin ci jarrabawa. Jama'a, wannan gwaji ne. Da gangan na sadaukar da gonata don ku ga abin da ke faruwa in babu dakaru. A kimiyya dole wani ya...”

“Allah ya saka da alheri, Alhaji,” in ji mai unguwa. Shi ma yau an katse shi, kuma ya ji yadda abin yake.

Dattawa ba su daɗe suna shawara ba. Aka ce Malam Yari ne Sarkin Noma. Yari ya zabura har allura ta soke shi.

“Ni? Ranka ya daɗe, ku rufa mini asiri. Ni ko rawani ba ni da shi.”

Idanu ne kawai suka tashi gaba ɗaya suka sauka a kan farantin da ke rufe da farin ƙyalle. Mai unguwa ya yi gyaran murya, ya ce Alhaji mutum ne mai sadaukarwa, yanzun nan ya faɗa da bakinsa, wanda ya ba da gona ba zai hana aron rawani ba. Aka yaye ƙyalle. Farin harsa ya fito yana ƙyalli, an goge shi an ninke. Sai kuma aka rasa mai naɗawa, don tsohon da ya saba yi hannunsa rawa yake. Daga cikin 'yan majalisa wani ya ɗaga murya ya ce ai ba a neman gwani ga Kwamanda a tsaye, mutumin da kullum safiya sai ya yi atisaye.

Haka aka zaunar da Yari a kujerar roba, Alhaji ya tsaya a kansa. Kuma a faɗi gaskiya, naɗin ya yi kyau. Hannun ya san aikinsa, kowane zagaye ya zauna daidai, ba a taɓa ganin rawanin da ya dace da kai haka ba a bayan ganuwa. Jama'a suka ɗauka gaba ɗaya, ranka ya daɗe, Sarkin Noma, ranka ya daɗe. Alhaji ya ji kalmar da ya jira duk rayuwarsa, da ƙarfi, da gaske, a dab da kunnensa, tazarar kamu ɗaya tsakaninta da kansa.

Yana cusa bakin rawanin na ƙarshe sai ga ɗan baƙin ɗigo ya sauka a kan farin hannun rigarsa. Ɗaya daga cikin dakarun ne, lafiyayye, ciki cike. Alhaji ya ƙame. Sojan ya ɗan taka a kan aikin rigar, ya tsaya ya goge baki, ya buɗe fiffike ya nufi gonar Yari.

Ko sara masa bai yi ba.